Shafi na Bakwai

Kwana arba'in Alhaji Hashim ya ba shi, yau kuma Juma'a ce ta cikon arba'in ɗin.

Nafi'u ya sauka daga kabu-kabu a bakin kasuwar albasa ta Aliero, ya gyara hula, ya duba hannunsa. Sau uku ya wanke shi da kananzir tun safe, amma jan fenti na nan maƙale a gefen farce. Ya tura hannun cikin aljihu.

Shekara biyu ke nan yana neman Amatullahi. Ita ta gama jami'ar garin nan, tana koyarwa. Shi a sakandare ya tsaya. Rumfa gare shi a Jega kusa da tasha, yana rubuta allunan shaguna, yana zana bayan manyan motoci.

Mahaifinta babban dillalin albasa ne, kuma bai taɓa zaginsa ba. Da ma zagin ya yi, da ya fi sauƙi.

"Yaro, ni ban raina ka ba," in ji shi, ranar da Nafi'u ya durƙusa gabansa. "Amma wanga abu naka, sana'a ce ko wasa? Ga Munir nan, ɗan abokina, shi ma shina son ta. Injin buga hoto gare shi. Ka ba shi aiki da safe, kafin azahar ya miƙo maka. Kai mi ka iya da injin bai iya ba?"

Nafi'u ya ɗago kai.

"Abin da babu hotonsa, Alhaji."

Da wannan maganar ya ɗaure kansa.

Gidan da aka haifi Alhaji a Maiyama ya rushe a daminar bara. Gidan ƙasa ne, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukarsa hoto. Aka ɗauko tsohuwarsa, Iyatu, aka dawo da ita Aliero, idonta ya soma yin hazo, ba ta da zance sai na gidan.

"To zana mata shi," in ji Alhaji. "Ba mutum a ciki, ba dabba. In ta gane gidanta, ka turo magabatanka. Amma da sharaɗi. Tsakaninka da Amatu ba gani, ba waya, ba aike. In na ji hannunta cikin lamarin ga, magana ta mutu."

Sau biyu aka bar shi ya zauna gaban tsohuwar ya saurara. Sau huɗu ya hau babur ya tafi Maiyama, ya tsaya kan kufai, ya ɗebi ƙasar bangon a leda don ya riƙa duba launinta.

Bai yi wannan aikin da fentin mota ba. Wani tsohon malamin zane da ya yi ritaya a Jega ya koya masa aikin fentin mai, irin mai zuwa cikin ƙananan robobi kamar man goge baki. Aiki ne mai cin rai. Da farko sai a zana komai da launin ƙasa kaɗai, duhu da haske, fentin a tsinke da tina. In ya bushe, sai a lakato launi kamar ƙwayar gero, a narka shi cikin man da masu zane ke kira linsid har ya koma kamar ruwan shayi, a shafa a kai. Na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama. Sai a jira ya bushe, a sake wani. Kowane shafi sai ya fi na ƙarƙashinsa mai, in ba haka ba zanen ya tsattsage. In an yi daidai, haske yakan ratsa shafe-shafen ya dawo, kamar in an ɗaga ɓawon albasa a rana. Wannan ne inji bai iya ba.

Sai dai damina ce. Iska a jiƙe take. Abin da kan bushe cikin kwana uku sai ya ci biyar, shida.

Shafi shida ya yi, gidan ya tsaya cik. Ga ƙofar, ga tsamiya, ga rumbu biyu. Ya bushe ƙarau, da ya kai shi haka da an wuce wurin. Amma maganar tsohuwar ta hana shi sakat.

"Da la'asar bangon yamma shina yin ja awa bakin tanda. Nan nike zama in tsince shinkafa."

Bangon da ya zana na safiya ne.

Ranar Talata, saura kwana uku, ya narka ja cikin mai, ya yi shafi na bakwai daga sama har ƙasa. La'asar ta sauka cikin zanen. Ya zauna yana kallo har aka kira sallah.

Rumfarsa na yoyo, manyan motoci kuma na watso taɓo. Saboda haka ranar Laraba ya ɗora zanen a cinya cikin motar haya, ya kai wa Goggo Tani, ƙanwar Alhaji, wadda tun farko take goyon bayan shi da Amatu. Ya jingina shi a ɗakinta, fuskar na kallon bango, kusurwa kaɗai ke taɓawa.

"Goggo, kada kowa ya taɓa shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kai dai da rowar magana, Nafi'u. Allah ya shirye ka."

Yanzu ga shi a falon Alhaji, bayan saukowa daga masallaci. Ƙannen Alhaji biyu na zaune. Iyatu na kan darduma da carbi. A kujerar kusa da ƙofa kuma Munir ne, cikin shadda mai maiƙo, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Gaisuwa na zo yi," in ji shi yana murmushi. "Ashe da rabon in sha kallo."



"Tani, taho da shi," in ji Alhaji.

Ƙamshi ne ya fara shigowa. Turaren wuta, mai sanyi, irin wanda Nafi'u zai gane ko cikin mutum dubu, don shekara biyu yana jin sa a mayafin mutum guda.

Sai Goggo Tani ta shigo rungume da zanen. An naɗe shi cikin sabuwar atamfa koriya, an ja ta tam, an ɗaure da zare ta baya. Ba ta yarda ta dube shi ba.



Munir ya tuntsire da dariya. "A'a, Malam mai fenti! Har da lefe aka haɗo? Ai sai ka bari a ba ka tukun."

"Buɗe, yaro," in ji Alhaji.

Ya durƙusa. Yatsunsa suka kasa kwance zaren, sai da ya sa haƙori. Ya kama gefen atamfar ya ja a hankali.

Ba ta taso ba.

Ya ƙara ja. Sai aka ji ƙara, siririya, kamar ana ɓare filasta daga miki. Atamfar ta taso da jan a jikinta, faci-faci. Inda ta taso ta kwashi na bakwai, wani wurin har da na shida. Inda ba ta kwasa ba ta bar sawun saƙarta da zare-zare kore. Hayaƙin turare kuma ya zauna a sararin sama, ɗigo-ɗigo baƙi, kamar kashin ƙuda.

Ƙofar gidan ce kaɗai da gefen tsamiya suka tsira.

"Kawo nan," in ji Iyatu. "Ku matso mini da shi."

Ya kai mata. Ta kawo fuskarta har hancinta ya kusa taɓawa. Ta daɗe.

"Ƙofar ga," ta ce a hankali, "ƙofar ga kamar na san ta." Ta matsa gefe, ta ƙanƙance ido. "Amma wanga bango mi ya same shi? Bangona bai da faci-faci awa makero a fata. Hashimu, ban gane ba. Ko idona ne?"

"Ba idonki ba ne, Inna."

Alhaji ya juyo. Bai ɗaga murya ba.

"Wa ya naɗe shi?"

Goggo Tani ta buɗe baki. Nafi'u ya riga ta.

"Ni ne, Alhaji."

"Kai?"

"Ni ne."

"Kai da sana'arka, ba ka san ba a rufe ɗanyen fenti ba? Ko lebura mai shafe ɗaki ya san wannan."

"Kuskure ne."

Ɗaya daga cikin ƙannen ya yi tsaki. Munir ya miƙe, ya zo ya leƙa, hannu a baya kamar likita.

"Baba, abin ai bai kai na ɓacin rai ba. In ɗauke shi a waya, in sa a kwamfuta, in goge dattin ga duka, in cike ramukan. Kafin magariba Kaka na riƙe da gidanta, babba, har da firam. In ana son goma, goma za a buga."

Labulen ƙofar ciki ya motsa.

"Ƙarya yake yi, Baba."

Amatullahi ce. Ta fito da hijabi har ƙasa, fuskarta jiƙe sharkaf, ta zube gaban mahaifinta.

"Ba shi ba ne. Ni ce. Ni na shiga ɗakin Goggo jiya. Ni na turara shi, ni na naɗe. Atamfata ce, Baba, kai ka saya mini ita. Don Allah kada ka hukunta shi da laifina."

"Amatu, koma ciki," in ji Nafi'u.

"Ba ni komawa!"

Alhaji ya dube ta, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Nafi'u. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Abu uku na gani yau," ya ce. "Na ga aikin da ƙyalle guda ke iya kashewa. Na ga ɗiyata ta taka sharaɗina. Na kuma ga yaron da ya dubi tsabar idona, cikin falona, ranar Juma'a, ya yi mini ƙarya."

"Alhaji, don in kare ta ne."

"Na sani. Gobe in ka aure ta, ka ɓata wani abu, haka za ka dube ni ka ce don ka kare ta ne." Ya girgiza kai. "Amatu ba ni yi mata dole da kowa, ba a yin haka gidan ga. Ta zauna har ranar da ta ga wanda ya yi mata. Amma kai ba ni ba ka ita. Tani, raka su soro su yi sallama, tunda ke ce uwar tafiya."

A soro Goggo Tani ta zauna bakin ƙofa ta ba su baya. Buhunan albasa jere har rufi, warinsu ya danne turaren. Nafi'u ya jingina zanen a jikin buhu. Amatu ta tsaya nesa da shi, tana share ido da gefen hijabi, wasu na sake zubowa.

"Ka yi magana mana," ta ce. "Ka zage ni ko da sau ɗaya ne."

Ya tsura wa zanen ido.

"Wallahi ban taɓa shi ba, Nafi'u. Goggo ta ce ka ce kada a taɓa, ban sa masa yatsa ba. Ta gefe na riƙe. Na zaci datti kake tsoro. Na shiga na gan shi jingine a bango tsirara, ƙudaje na yawo, sai na ji zuciyata ta karye. Kwana arba'in ɗinka, a ce a shigar da shi gaban Baba haka nan, awa tsohon faranti? Ka taɓa ganin an kai wa babba abu a buɗe? Ko ƙwai ne ai sai an rufa. Ga Munir zai zo da mota, da shadda. Na ce ni ma bari in yi wa naka ado."

"Na ce kada a taɓa."

"Ka ce! Kullum ka ce, ba ka taɓa faɗin dalili ba! Da ka ce wa Goggo bai bushe ba. Kalma nawa ce? Bai bushe ba. Da ko numfashi ban yi kusa da shi ba. Ni ina na san fenti na kwana uku shina ɗanye? Na ƙofar makarantarmu da safe anka shafa, da rana yara sunka jingina."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Shekara biyu," ta ci gaba cikin shessheka, "ni ke magana, kai kana kallon ƙasa. Ni ke cike maka abin da ba ka faɗa ba. In anka ce mini miskili ne, in ce a'a, zurfi gare shi. Ga zurfin nan yau ya haɗiye mu."

"Mi ya sa kinka fito?" ya ce. "Da kin yi shiru. Da aikin kaɗai ya faɗi. Da na roƙi wasu kwana arba'in."

"In tsaya bayan labule ina ji ana ce maka lebura ya fi ka? A kan abin da ni na yi?"

"Da na jure."

"Ni ce ban iya jurewa."

Ta durƙusa gaban zanen. Sai yanzu ta dube shi da kyau. Ta daɗe tana kallon ƙofar da ta tsira, yadda duhunta ke da nisa, kamar mutum zai sa ƙafa ya shige.

"Jiya duk haka yake," ta ce da ƙaramar murya. "Na gani kafin in rufe. Har kuka na yi. Ni kaɗai na gan shi, ni kuma na kashe shi." Ta ɗago. "Shina gyaruwa?"

"Sai an kankare. A jira ya bushe sosai, a sake ɗorawa ɗaya bayan ɗaya."

"Kwana nawa?"

"Da daminar ga, wata uku."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Goggo Tani ce ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Likita ya ce da wuya idon Inna ya kai wata biyu."

A waje wata mota ta wuce, tana kiran Jega, Jega, saura mutum ɗaya.

"Nafi'u," in ji Amatu. "Zan roƙe ka abu guda, ka tsane ni in ka so."

Ya riga ya sani. Ya kau da kai.

"Ka bar Munir ya ɗauke shi a waya."

"Kin san abin da kike roƙona?"

"Na sani."

"Ya ɗauki ƙofata, da tsamiyata, da zuwa Maiyama sau huɗu, ya matsa maɓalli, ya kai mata. Ta sa masa albarka. Gari ya ce Munir ya maido wa tsohuwa gidanta."

"Na sani, wallahi na sani. Amma kai kaɗai ka san yadda gidan yake. In ka tafi da shi, ta makance ba ta gani ba. Ita mi ta yi mana?"

"Ke fa? In na ba shi wannan, sai ki biyo baya?"

Ta miƙe tsaye. Hawayen bai tsaya ba, amma muryarta ta yi ƙarfi.

"Kada ka ƙara faɗa mini haka. Ban ce ina son shi ba, ban taɓa ce ba. Ba ni aurensa. Amma ba ni kuma yin aure da ba albarkar Baba. Ka san ni."

"To mi ya rage?"

Ta dube shi. Ta ja hijabinta ta shige ciki da sauri, kukanta na biye da ita har ya ɓace.

Nafi'u ya tsaya shi da buhunan albasa. Zai iya saɓa zanen ya fita, tasha ba nisa. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya kai bakin ƙofar waje.

Daga cikin gida ya jiyo muryar tsohuwar, sama-sama.

"Ina yaron ga ya kai ƙofata? Ku ce ya maido in ƙara dubawa."

Ya tsaya. Ya rufe ido. Sannan ya juya.

A tsakar gida Munir ya riga ya fito da waya, kamar ya san yadda za ta kaya. Rana ta karkata yamma.

"Yauwa, ɗan'uwa. Ai haka ya fi. Riƙe mini shi nan. Ɗaga kaɗan."

Nafi'u ya ɗaga. Hasken la'asar ya faɗa kan ƙofar, ya ratsa shafe-shafen ya dawo, ja da ruwan zuma, yana motsi kamar mai rai.

Munir ya yi tsaki yana duba wayar.

"Kai, wanga ƙyalli na hana ni. Mi ka zuba masa haka? Karkata shi. Ƙara. Ƙara dai, har ya mutu."

Ya karkata. Ya ƙara. Hasken ya janye daga ƙofar, ta koma faci mai ruwan ƙasa.

"Yauwa! Tsaya haka."

Wayar ta yi ƙyas.

Alhaji ya leƙo daga ƙofar falo. Idonsa ya wuce ta kan Nafi'u kamar ba kowa a wurin.

"Munir, in ka gama ka shigo, abinci na jira."

"To, Baba."

Ya sa wayar a aljihu ya shige, labule ya rufe bayansa.

Ba wanda ya ce wa Nafi'u ya sauke. Yana nan tsaye tsakar gida, riƙe da zanen a karkace, yatsunsa sun manne a cikin jan.